TAFKIN WINNEBAGO: INDA AKE TUƘA MOTA BISA RUWA

Daga Milwaukee, birni mafi girma a Jihar Wisconsin ta ƙasar Amurka, idan matafiyi ya miƙe arewa maso yamma bisa babbar hanya mai lamba 41, bayan tafiyar mil 60 da 'yan kai sai ya iso wani gari da ake kira Fond du Lac. Sunan na Faransanci ne, ma'anarsa kuwa gindin tafki, domin garin yana zaune ne a ƙarshen kudu na tafkin Winnebago. Wanda ya zo cikin watan Yuli zai ga ruwa shimfiɗe iyakar ganinsa, ƙananan jirage masu inji suna ta kai da kawowa. Amma wanda ya zo cikin Fabrairu ba zai ga ruwa ko ɗigo ba. Abin da zai gani shi ne wani farin fili fetal, motoci suna tafiya a kansa, ga kuma 'yan bukkokin katako dubbai warwatse, sai ka ce an kafa sabon gari dare ɗaya. To, wannan fili shi ne tafkin. Sanyi ne ya daskarar da fuskarsa, kifaye kuwa suna can ƙarƙashi suna harkarsu.

Winnebago shi ne tafki mafi girma da ke cikin Jihar Wisconsin ɗungum. Tsawonsa daga kudu zuwa arewa kamar mil 30 ne, faɗinsa kuwa mil 10, amma ba shi da zurfi, domin inda ya fi zurfi bai wuce ƙafa 21 ba. Kogin Fox yana shigo masa ta yamma a garin Oshkosh, bayan ya haɗu da kogin Wolf, sa'an nan ya fice ta arewa a garuruwan Neenah da Menasha, ya nufi Green Bay ya faɗa babban tafkin Michigan. Tun kafin zuwan Turawa akwai mutanen asali na ƙasar zaune a gaɓarsa, watau Ho-Chunk da Menominee. Winnebago suna ne da maƙwabta suka laƙaba wa Ho-Chunk, Oshkosh kuwa sunan wani sarkin Menominee ne. A wurin waɗannan mutane ne baƙi suka ga yadda ake huda ƙanƙara a soki kifi da mashi cikin hunturu, al'adar da ta dore har yau.

Masu fita bisa tafkin nan yanzu galibinsu ba masunta ba ne. Ma'aikatan masana'antu ne da manoma da malaman makaranta da 'yan fansho, maza da mata, waɗanda kamun kifi ya zame musu abin shaƙatawa da zumunci. Sai dai wasa ne da ake yi a kan ruwan da ke iya halaka mutum cikin ɗan lokaci, saboda haka kome nasa da awo ake yi: ana auna kaurin ƙanƙara, ana ƙirga kifin da aka kama, har ƙarfin injin da za a ɗaura wa jirgi yana da iyaka.

KIFIN DA AKE JIRA

Akwai kifaye iri-iri a tafkin, kuma da yawan mutane ɗan rami kawai suke hudawa su zura fatsa su zauna jira. Amma kifin da ya fito da sunan Winnebago shi ne wanda ake kira sitajin. Wani dogon kifi ne marar ɓawo, sai layi biyar na ƙashi masu tauri a jikinsa kamar sulke. Ba shi da haƙori, bakinsa yana ƙarƙashin kansa, da 'yan gashin baki guda huɗu da yake lalube da su cikin laka yana zuƙar tsutsotsi. Yakan yi shekara 100 a duniya, har ya wuce. Mafi girma da aka taɓa sokewa a tafkin an same shi ne a shekarar 2010, nauyinsa kilo 96, tsawonsa ƙafa 7. A 2012 kuma ma'aikatan hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar suka kama wata mace a kogin Wolf mai nauyin kilo 109, suka auna ta suka sake ta, suka ƙiyasta shekarunta 125.

Wannan tsawon rai shi ne kuma rauninsa. Macen ba ta fara yin ƙwai sai ta ba shekara 20 baya, daga nan kuma sai bayan shekara huɗu ko biyar take maimaitawa. Ke nan in aka kashe uwa guda, an yi asarar da sai an ɗauki shekaru masu yawa kafin a mayar. Haka ta faru a manyan tafkunan Amurka cikin ƙarni na 19. Da farko masunta sun ɗauke shi abin ƙyama mai yaga musu taru, suna jibge shi a gaɓa, daga baya da aka gane tsadar ƙwansa sai aka far masa har ya kusa ƙarewa. Jihar Wisconsin ta hana kama shi a 1915, ba a sake buɗe suka da mashi a Winnebago ba sai 1932, shi ma bisa sharuɗɗa.

Yanzu ana buɗe lokacin suka ranar Asabar ta biyu ga watan Fabrairu, kuma ba ya wuce kwana 16. Mutum dubu goma da ɗoriya ne ke yankar lasisi kowace shekara, kowane lasisi kuwa kifi ɗaya tak. Ba a sukar wanda bai kai inci 36 ba, ba a kuma suka sai daga ƙarfe 7 na safe zuwa ƙarfe 1 na rana. Duk wanda ya samu, tilas ya kai kifinsa wurin ma'aikatan hukuma a ranar, su auna shi, su duba mace ce ko namiji, su rubuta. Tun daga 1999 akwai adadin da aka yanke na manyan mata da ƙananan mata da maza, da zarar an cika ɗaya daga ciki sai a rufe, ko da kwana biyu aka yi da buɗewa. Manufar ita ce kada abin da ake ɗiba a shekara ya wuce kashi 5 cikin 100 na manyan kifayen. Har ila yau, akwai wata ƙungiya ta masu sukar kansu mai suna Sturgeon for Tomorrow, wadda aka kafa a 1977 don tara kuɗin bincike da kiwon kifin. Masu aikin sa kai kuma sun daɗe suna gadin gaɓar kogin Wolf cikin bazara, sa'ad da kifayen ke hawowa bakin duwatsu su yi ƙwai, don kada ɓarayi su kwashe su da hannu. Ta haka Winnebago ya zama ɗaya daga cikin wuraren da wannan kifi ya fi yawa a duniya.

Yadda ake sukar kuwa sai mai haƙuri. Ana yanka rami mai kusurwa huɗu da zarto mai inji, doka ba ta yarda faɗinsa ya wuce murabba'in ƙafa 48 ba. Sai a tura gutsuren da aka yanko ƙarƙashin ƙanƙara, a jawo bukka a ɗora bisa ramin. Bukkar ba ta da taga. In an rufe ƙofa sai duhu ya game ko'ina, hasken rana da ke ratsa ƙanƙara daga waje ya haska ruwan ya yi kore shar. Mai suka ya rataya wani kifin katako da aka sassaƙa aka yi wa fenti cikin ruwan don jawo hankali, mashinsa mai yatsu yana rataye a gabansa ɗaure da igiya, ya zuba ido. Wani ya yi kwana 16 bai ga kome ba, wani ma shekaru. A ƙiyasi, kusan mutum ɗaya ne cikin goma ke komawa gida da kifi. Babban abin da ke yanke hukunci shi ne tsabtar ruwa: shekarar da ake hangen ƙafa 12 zuwa ƙasa an yi sa'a, shekarar da ruwa ya gurɓace sai hira da cin abinci a bukka.

AWON ƘANƘARA

Mai karatu zai so ya san dalilin da ruwa ke daskarewa daga sama ya bar ƙasa. Ruwa ya fi nauyi sa'ad da yake digiri 4 bisa ma'aunin Salshiyas. In ya fi haka sanyi sai ya yi sauƙi ya tsaya a sama, in ya daskare kuma ya ƙara sauƙi ya yi iyo. Ƙanƙarar sai ta zama murfi, ruwan ƙasa ya zauna da ɗan ɗuminsa, kifaye su rayu. A Winnebago murfin nan yakan fara kamawa cikin Disamba, a shekarar da aka yi sanyi sosai kaurinsa ya kai ƙafa 2 kafin Fabrairu, sa'an nan ya narke cikin Maris ko Afrilu.

Hukumar albarkatun ƙasa ta Jihar Minnesota, maƙwabciyar Wisconsin, ta fitar da ma'aunin da mutane da yawa ke bi. Ƙasa da inci 4, kada kowa ya taka. Inci 4 ya isa mai tafiya a ƙasa, inci 5 zuwa 7 ya isa babur ɗin ƙanƙara, ƙaramar mota tana bukatar inci 9 zuwa 10, a-kori-kura kuwa inci 13 ko fiye. Amma fa wannan lissafi na sabuwar ƙanƙara ce mai garau kamar gilashi. Farar ƙanƙara, wadda dusa ta narke ta sake daskarewa a kanta, ƙarfinta rabin wancan ne, saboda haka sai an ninka awon. Ita kuwa hukumar Wisconsin ba ta auna wa kowa ƙanƙara, abin da take nanatawa kullum shi ne babu wadda za a amince da ita ɗari bisa ɗari.

Gaskiyarta kuwa. Kaurin ƙanƙara ba ɗaya ba ne ko'ina. Inda kogi ke shiga ko fita, kamar bakin Oshkosh da Neenah, gudun ruwa yana cin ta ta ƙarƙashi ba tare da an gani ba. Dusa in ta rufe ta sai ta zame mata bargo, ta hana ta ƙara kauri, ta kuma ɓoye tsaga. Bugu da ƙari ƙanƙara tana takurewa in sanyi ya tsananta, ta buɗe in ya sassauta, shi ya sa take tsagewa da ƙara kamar tsawa, tsagar ta yi tsawon mil da yawa. Wani wuri ɓangarorin biyu su rabu ruwa ya bayyana, wani wuri su ture juna su yi tudu. Don haka mai hankali yakan tafi da sandar ƙarfe mai kaifin baki yana dukan gabansa, yana hudawa yana aunawa.

Ba gwamnati ce ke yin hanyoyin mota bisa tafkin ba. Ƙungiyoyin masu kamun kifi ne na garuruwan gaɓa, irin su ƙungiyar Otter Street ta Oshkosh, ke share dusa, su ɗora gadojin ƙarfe bisa tsaga, su riƙa matsar da su duk sa'ad da tsagar ta sake wuri. Alamar hanya kuwa itatuwan Kirsimeti ne da mutane suka gama ado da su. Ana kafa su a jere, wanda ke tsaye yana nufin hanya, wanda aka kwantar yana nufin akwai haɗari a nan. Masu tuƙi sukan sauke gilashin taga su kwance bel, don in mota ta nutsa su sami mafita. Wanda motarsa ta faɗa, doka ta tilasta masa fito da ita da kuɗinsa.

Iska ma abar tsoro ce. Cikin Fabrairu 2021, a gefen Sturgeon Bay da ke arewa maso gabas da nan, ƙanƙara ta ɓalle daga gaɓa ta yi gaba da masu kamun kifi 66, sai da jiragen ceto suka kwaso su. Allah ya kiyaye ba a rasa kowa ba.

In tsautsayi ya sa mutum ya faɗa, abin da zai yi cikin mintin farko shi ne muhimmi. Wani masani na Jami'ar Manitoba ta ƙasar Kanada, Gordon Giesbrecht, ya taƙaita abin da lissafi mai sauƙin riƙewa. Minti 1 na farko numfashi yana sarƙewa saboda gigitar sanyi, aikin mutum kawai ya hana kansa shaƙar ruwa har numfashin ya daidaita. Bayan haka yana da kamar minti 10 kafin hannuwansa su mutu. Yakan kai kusan awa 1 kafin ya suma, in akwai abin da ke riƙe da shi a sama. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, amma a nan iya iyo kaɗai ba ya fisshe mutum, domin bakin ramin santsi gare shi. Shi ya sa ake rataya wasu ƙusoshi biyu masu mariƙi a wuya. Mutum ya juya ta inda ya fito, tun da can ne ƙanƙara ta ɗauke shi ɗazu, ya kafa ƙusoshin, ya miƙe ƙafafunsa baya yana bugun ruwa, ya jawo kansa bisa ciki. In ya fito kada ya miƙe tsaye, sai ya mirgina har ya yi nisa. Mai son ceto kuma kada ya ruga bakin ramin, sai ya tsaya nesa ya jefa igiya.

GARIN INJI

Da ƙanƙara ta narke sai tafkin ya koma hannun masu jirage, a nan kuma Fond du Lac take da wani tarihi na dabam. Injin nan da ake maƙalawa bayan kwale-kwale, irin wanda masu fito ke aiki da shi a Yawuri da Baga, Jihar Wisconsin na cikin wuraren da ya girma. Wani mutumin Norway mai suna Ole Evinrude, wanda aka kawo jihar yana yaro, ya fara sayar da nasa injin a Milwaukee a 1909, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, nauyinsa kilo 28. Ana ba da labari cewa abin da ya tunzura shi shi ne wata rana da ya yi ta tuƙi da filafili cikin zafi don ya sayo wa budurwarsa Bess askirim, kafin ya komo ya narke. An daina ƙera injin Evinrude a 2020. Shi kuwa Carl Kiekhaefer, a 1939 ya sayi wata masana'anta da ta durƙushe a garin Cedarburg, ya tarar da injuna 300 da aka ƙi karɓa saboda lahani, ya gyara su ya sayar. Daga nan kamfanin Mercury ya samo asali. A 1946 ya kafa aiki a wata tsohuwar gonar shanu a Fond du Lac, inda hedkwatar kamfanin take har yanzu. A 2021 suka fitar da inji mai ƙarfin doki 600.

Mai ƙaramin jirgi na fatsa ba ya bukatar ko kusa da haka, kuma akwai abubuwa sanannu da ake dubawa kafin a saya. Na farko, a Amurka ƙananan jiragen da ba su kai ƙafa 20 ba suna zuwa da ɗan allo manne a jikinsu, mai nuna iyakar ƙarfin inji da nauyin mutane da kaya. Injin da ya fi ƙarfin jirgi yakan danne bayansa, ya ɗaga goshinsa, ya kifar da shi a kwana. Wanda ya gaza kuma ba ya iya gudo da mutum gaɓa in hadari ya taso, alhali kuwa Winnebago, saboda faɗinsa da rashin zurfinsa, nan da nan iska ke tayar masa da igiyar ruwa gajeru masu duka. Na biyu, tsawon ƙafar inji tilas ya dace da tsayin katakon baya na jirgi. Akwai gajere mai inci 15, akwai dogo mai inci 20. In ƙafar ta gaza sai farfela ta riƙa shan iska, inji ya yi ta kuka jirgi ba ya tafiya, ruwan da ke sanyaya shi kuma ya yanke. In ta yi tsawo ainun sai ta ja jirgin baya, ta kuma riƙa bugun duwatsu.

Na uku shi ne irin injin. Mai bugu biyu, wanda ake gauraya masa fetur da man inji, sau da yawa kashi 50 da kashi 1, ba shi da nauyi kuma gyaransa da sauƙi, amma yana da hayaƙi da shan mai. Mai bugu huɗu, wanda mansa ke zaune dabam kamar na mota, ya fi nauyi, amma ba shi da ƙara kuma yana jure tafiya a hankali, irin wadda mai jan fatsa ke so. Dokokin hayaƙi da Amurka ta fara aiki da su a 1998 sun sa masu bugu huɗu sun mamaye kasuwar can. Mai saye zai kuma ga injuna da yawa masu ƙarfin doki 9.9, dalili kuwa akwai tafkunan da aka hana mai doki 10 zuwa sama. Kowane iri aka zaɓa, akwai wata 'yar igiya da matuƙi ke ɗaurawa a jikinsa, wadda ke kashe inji in ya faɗa ruwa, don kada jirgi ya kewayo ya sare shi da farfela. Tun daga Afrilu 2021 dokar tarayya ta wajabta ɗaura ta a yawancin ƙananan jirage in suna gudu.

Ko inji bai tsira daga ƙanƙara ba. Kafin hunturu sai an tsayar da shi a miƙe ruwan cikinsa ya tsiyaye, a kuma juye man da ke cikin akwatin farfela a sa sabo, domin in ruwa ya ratsa ciki ya daskare sai ya kumbura ya fasa ƙarfen.

HUNTURUN DA YA ƘI ZUWA

Abin da ya fi damun mutanen gaɓar Winnebago a 'yan shekarun nan shi ne ƙanƙarar da suka saba da ita ta fara saɓa alkawari. Hunturun 2023 zuwa 2024 shi ne mafi ɗumi da aka taɓa rubutawa a tarihin Wisconsin. Da aka buɗe lokacin suka cikin Fabrairu 2024, ƙanƙarar ba ta ɗaukar mota a yawancin wurare, wani gefen ma ruwa ne buɗe. Mutane da yawa da suka biya kuɗin lasisi tun watan Oktoba suka bar bukkokinsu a bayan gida, waɗanda suka fita kuwa da ƙafa suka ja 'yan tantuna kusa da gaɓa, kifin da aka kama bai taka kara ya karya ba. Masu gidajen abinci da masu sayar da kayan fatsa suka ji a jikinsu. Ƙungiyoyin da ke kafa itatuwa suka yi ta gargaɗi, mutane kuwa galibi suka ji, tun da da muguwar rawa gara ƙin tashi. Su kuwa manyan kifayen da ba a soka ba a wannan shekara, da bazara ta yi sai suka haura kogin Wolf zuwa bakin duwatsu suka yi ƙwai kamar yadda suka saba.